Injin yankan itacen Baba ya ƙi tashi, a ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana injin yankan itace, Stihl 070, ɗan Jamus na asali. Ya kai shekara 8 a sito a Rigasa, har ɓeraye sun yi gida a buhun da aka naɗe shi. Na wanke shi, na sa sabon fulogi. In na ɗiga fetur ta ramin fulogi yana tashi, ya yi ruri kaɗan, sai ya mutu. Wani makanike ya ce in kawo kuɗi a sa sabon silinda da fistin na China, alhali ko kwance injin bai yi ba. Raina bai kwanta ba. Darbejiya nake so in rage a gonarmu ta Kujama kafin damina. Me kuka gani?

Mai gyaran janareta, Kakuri: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Tunda yana tashi, akwai wuta ke nan, mai ne ba ya zuwa. A cikin kabureta akwai wata 'yar roba mai laushi da ke tura fetur. In inji ya daɗe a ajiye takan bushe ta ƙandare kamar ƙanzo. Canza ta, da tiyon mai, da tacen cikin tanki.

Tsohon mai yankan katako, Kachia: Yaro, kada ka bari kowa ya raba ka da silindan nan. Cire salansa, ka haska tocila ta ramin, ka ja igiya a hankali. In fistin yana sheƙi, babu karce daga sama zuwa ƙasa, zoben fistin kawai za ka canza. Na riƙe 070 shekara da shekaru, na asali da jabu ba ɗaya ba ne. Sannan a duba maka robobin da ke toshe gefen kiranshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa. In suna shan iska, injin zai yi ta gudu shi kaɗai har fistin ya kama, a nan ne ake asarar gaske. Man gauraye kuma, wato man inji da ake haɗawa da fetur, ni cikin lita 1 ta fetur nake zuba mililita 40. Kamfanin ya ce 20 ta isa in da nasu man ne, amma wa ya san abin da ke cikin galan ɗin bakin titi?

Wani daga Tudun Wada: Ka leƙa kasuwar tsohuwar Panteka da tsohuwar robar kaburetar a aljihu, ka gwada da idonka kafin ka biya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Baba na Kachia, sarƙar fa? Ta yi tsatsa sosai.

Tsohon mai yankan katako: Jiƙa ta a kananzir kwana biyu. Duk gaɓar da ta ƙi lanƙwasa, ko ka ga tsaga, jefar da sarƙar, don in ta tsinke kai za ta nema. In ta saki, ka wasa ta da zagayayyen magagari mai milimita 5.5. Kuma in za ka fara tada shi, a ƙasa, ka taka shi da ƙafa, yara su koma cikin gida.