Yaro ya iya tarawa, amma tambayar da aka rubuta cikin labari tana gagararsa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. 'Yata tana aji uku na firamare, kuma idan aka rubuta mata 47 + 38, nan take za ta kawo 85 ba tare da ta manta ɗayan da ake riƙewa ba. Amma da zarar an saka lambobin cikin labari, sai ta rasa inda za ta kama, ta tara duk lambar da idonta ya gani. An ba su jerin kalmomi irin su "jimla", "gaba ɗaya" da "ƙari", aka ce duk inda suka gan su to tarawa ake nufi. Shin wannan hanya ta wadatar?

Wata malamar firamare:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba ta wadatar ba, kuma ina ganin tana cutar da yaro idan ya dogara gare ta, domin tana koya masa farautar kalma maimakon fahimtar abin da ya faru. Dubi wannan: "Wani yaro ya ba ƙanensa fensir 6, sai 9 suka rage masa. Nawa yake da su tun farko?" Wanda ya saba da bin kalmomi zai ga "rage", ya ɗebe, ya kawo 3, alhali amsar ita ce 15, tunda sai an mayar da abin da aka bayar kan abin da ya saura kafin a san adadin farko. Akasin haka ma yana faruwa: idan aji na ɗaya yana da ɗalibai 32, kuma ya fi aji na biyu da 7, kalmar "ya fi" za ta ja yaron zuwa 39, amma aji na biyu ɗalibai 25 gare shi. Ka rufe mata lambobin da yatsa, ka sa ta ba ka labarin da bakinta, sannan ta faɗi abin da ake nema.

Wani malamin lissafi:
Na yarda da Malama, sai dai zan ƙara da zane. A makarantun ƙasar Singafo ana koya wa yara su zana dogon akwati a matsayin jimla, su raba shi kashi-kashi, su rubuta abin da aka sani a cikin kowane kashi, su sa alamar tambaya inda ba a sani ba. Idan alamar ta faɗo kan akwatin gaba ɗaya, tarawa ce. Idan ta faɗo kan kashi ɗaya, ɗebewa ce.

Wata uwa:
Malam, ka fara tabbatar da cewa matsalar ba ta karatu ba ce. Ka karanta mata tambayar da babbar murya. Idan ta amsa daidai, to karatun ne yake buƙatar aiki. Sannan ka riƙa saka lambar da ba ta da amfani, misali yarinya mai shekara 8 tana da littafi 12, aka ƙara mata 5. Idan ta kawo 25, ka tambaye ta ko ana tara shekara da littafi, kuma ka sa ta rubuta amsarta cikin cikakkiyar magana: yarinyar tana da littafi 17.