Musayar baitoci kan Matthew Henry, mai sharhin Littafi Mai Tsarki

Baba Mai Bishara
Salama, 'yan'uwa. Jiya na sauke Zabura tare da sharhin Matthew Henry, zuciyata ta cika. An haife shi a 1662, shekarar da dokar Ingila ta fitar da limamai kusan 2,000 daga majami'unsu, har da mahaifinsa Philip. Amsa-amon "ra" ne, mai iyawa ya ɗauka.

Da sunan Uba nake farawa,
Matthew Henry nake yabawa,
Alƙalaminsa ba ya gazawa,
Ya bi Farawa har Zabura.

An kori uba daga bagadi,
Ya ƙi sai da gaskiya don kuɗi,
Ɗan ya taso, Kalma na mai daɗi,
Ya bar lauya, ya kama bishara.

Ɗan Seminari
Baba, na durƙusa da ladabi,
Amma fa tsohon zance kake bi,
Shekara ɗari uku, duba hisabi,
Sharhin naka ya yi furfura.

Wasu fastoci ba sa nazari,
Daren Asabar su buɗe Henry,
Su kwashe shi kaf da sauri,
Lahadi su juye mana ba gyara.

Baba Mai Bishara
Furfura rawani ce, in ji Misalai,
Ɗan jiya ke gyara wa malamai,
Yaro, ka sake duba dalilai,
Ɓarawo ya sha, ka zargi fura!

Jikar Dattijo
Kai, Baba ya gama da shi! Spurgeon, shahararren mai wa'azin Ingila, ma cewa ya yi kowane mai wa'azi ya karance sharhin nan ko sau ɗaya ne. Wa ya kai Baba a zauren nan?

Mama Zumunta
Ku saurara, ga rabon mata,
Ku ji Henry kan Hauwa'u uwata,
Ba daga kai Allah ya ciro ta,
Balle ta hau miji da gadara.

Ba daga ƙafa ba, a tattake ta,
Daga haƙarƙari, a daidaita ta,
Ƙarƙashin hannu, a kāre ta,
Gefen zuciya, so babu kyara.

Ɗana na seminari, wannan ma furfura ce? Na ga auren da maganar nan ta ɗinke.

Malamin Hausa
Baba, a yi mini aikin gafara. Baitinka na biyu yana ɗingishi. "Bagadi" da "kuɗi" ba amsa-amo ɗaya ba ne, d daban, ɗ daban. Ɗango na uku kuma ya fi 'yan'uwansa nauyi, kari ya karye. Na Mama ma, ɗangon "haƙarƙari" ya yi tsawo.

Jikar Dattijo
Malam, ana zancen bawan Allah, kai kana ƙirga gaɓoɓi? Ina naka baitin?

Ɗan Seminari
Malam ya faɗi gaskiya, Baba,
Kari ya karye, sai ka duba,
Mai aunawa ba shi da gaba,
Ma'auni ne, ba a yi mai ƙara.

Mama Zumunta
Mu a zumunta da tulu da caki muke auna waƙa. In ta hau kiɗa, ta hau. Na rera nawa yanzu a madafi, bai yi tuntuɓe ba.

Malamin Hausa
Mama, ta baka daban, rubutacciya daban. Mai rerawa yana jan gaɓa ya rufe giɓi, takarda ba ta rufe wa kowa.

Jikar Dattijo
To ka rubuta mu gani mana.

Baba Mai Bishara
Kwana biyu ina ƙauye wajen jana'iza, na dawo na tarar kun bar mutumin kun kama awo. Shekara 25 ya yi yana kiwon ikilisiya a Chester kafin ya koma Hackney ta Landan. A 1704 ya soma sharhin, ya kai ƙarshen Ayyukan Manzanni, mutuwa ta tsai da shi a Nantwich a 1714, yana kan tafiya. Limamai 13 suka ƙarasa daga Romawa zuwa ƙarshe. Ɗana, ka ce ya tsufa. Na yarda, an tono abubuwa da yawa bayansa. Amma shi aya yake kai wa har gida, har gona, har gadon majinyaci, abin da ya sa nake kuka in na karanta shi ke nan.

Ya yi huɗa tun da asuba,
Kunya kunya, bai tsallake ba,
Rana ta faɗi bai gama ba,
Sha uku suka ɗauki saura.

Ɗan Seminari
Wannan baitin ya taɓa ni, Baba,
Ban ce gonar ba ta yi ba,
Masu kwafe ne ban yafe ba,
Su riƙe fartanya, su daina fashin fura.

Malamin Hausa
Baitin Baba na ƙarshe ya zauna daram, na sara. Amma kai Ɗan Seminari, ɗangonka na huɗu ya zarce da gaɓa kusan biyar, kuma "fura" ta Baba ce ka ara. Sake shi.