Neman shawara: wane irin gari ne Brandon ta Manitoba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ya samu gurbin karatu a Jami'ar Brandon da ke Kanada, za mu taso da yara a watan Agusta in sha Allah. Ni dai Toronto kaɗai nake ji a bakin mutane. Don Allah wanda ya san garin ya ba ni haske. Akwai aikin yi? Yara fa, akwai inda ake kai su?

Wani mazaunin garin: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo ku lafiya. Ki cire Toronto daga ranki. Brandon garin manoma ne, "birnin alkama" ake masa kirari. Mutanensa dubu 51 ne da 'yan kai a ƙidayar 2021, amma a haka shi ke bin birnin Winnipeg a girma duk faɗin lardin Manitoba. Layin dogo ne ya kafa shi a bakin kogin Assiniboine, ya zama birni a 1882. Kina fita gari sai fili fetal, alkama da kanola (shukar da ake matse man girki daga ƙwayarta) iya ganinki.

Wata 'yar uwa: Maganar aiki, gara ki ji tun yanzu. Za a ce miki kamfanin sarrafa nama na Maple Leaf na ɗaukar mutane, gaskiya ne, tun 1999 masana'antar ke nan. Sai dai alade ake yankawa. Ki duba asibiti, gidajen kula da tsofaffi da shaguna. Kafin nan ma ki tabbatar takardarki ta ba ki izinin aiki, don an tsaurara doka a kan matan ɗalibai.

Wani daga Winnipeg: Ba wanda ya ambaci sanyi! A Janairu yakan kai 30 ƙasa da sifili, har mota sai an jona ta da lantarki ta kwana, in ba haka ba da safe ta ƙi tashi. Kada ki sayi rigar sanyi a gida, ki bari sai kin iso. Yara kuwa, a kai su gandun Riding Mountain su ga ɓaunar ƙasar, tafiyar awa ɗaya da wani abu ce arewa da gari. Ƙarshen Maris kuma ana baje kolin dawakai da shanu a Keystone Centre.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Masallaci fa, da kayan miya?

Wata 'yar uwa: Masallaci akwai, ana Juma'a. Kuka da daddawa kam ki ƙullo abinki, amma ki faɗa wa jami'an kwastan abin da kika ɗauko. Kilishi kada ma ki fara.