Shawarwari Kan Kukis da Bibiya a Kwamfuta

Game da kare kai daga bibiya a intanet, shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada a bar manhajar imel ta riƙa buɗe hotunan cikin saƙo kai tsaye, domin masu talla kan ɓoye ɗan hoton da bai kai ƙwayar gero ba, wanda da zarar ya buɗe sai ya sanar da su cewa an karanta saƙon. Manhajar imel ta Thunderbird na toshe irin waɗannan hotuna tun asali, kuma gara a bar shi haka. Ta fuskar burauza, wato manhajar shiga shafukan intanet, ana yaba wa Firefox, wanda tun 2022 yake keɓe kukis ɗin kowane shafi daban (kukis su ne ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a kwamfuta don gane mai ziyara). Share kukis gaba ɗaya kuwa bai samu karɓuwa sosai ba, tunda sai an sake shigar da kalmar sirri a ko'ina.