Don Allah marubuta ku taimaka min, labarina ya maƙale

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina nan Jos ina rubuta wani dogon labari na almara kuma wallahi na cije a wuri ɗaya na kasa gaba. Jarumar yarinya ce mai tatsuniya a wani gari na ƙirƙira can cikin duwatsun Shere, duk abin da ta faɗa bayan "ga ta nan ga ta nanku" sai ya tabbata, amma da sharaɗi biyu, sai da dare tunda dama ba a tatsuniya da rana, kuma sai wani ya amsa mata "ta zo mu ji ta".

To mugun sarkin garin ya gano sirrin, ya hana kowa amsawa, duk wanda ya buɗe baki a yanka shi, kamar dai yadda macijin rijiyar Kusugu ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Nan fa na tsaya. Bana so wani Bayajidda ya zo daga waje da takobi ya cece su, don ni abin da nake so shi ne tatsuniyar da kanta ta yi nasara. Na gwada sa ƙaninta ya amsa amma sai an kashe yaron, zuciyata ta ƙi. In kuma na ce Gizo ne ya amsa da wayonsa ai kamar na yi wa mai karatu magudi ne.

Wa zai amsa mata, kuma me zai rasa a kai? Ku ba ni shawara don Allah.