Masauki a Tibilisi: wai tsohon gari na 'yan hoto ne?

Baban Amira: Salam jama'a. Ƙanwata za ta kammala karatun likita a Tibilisi ta ƙasar Jojiya (ba Jojiyar Amurka ba don Allah, har wani ya tambaye ni ko Atlanta zan sauka), za mu je a watan Yuli ni da madam da Hajiyarmu, kwana shida. Ni dai raina ya kwanta da tsohon gari saboda duk hoton da na gani na can ne, sai jiya Alhaji na Kwari ya ce min wai duk wanda ya kama ɗaki a tsohon gari kuɗinsa ya zubar, wurin mutum irinmu unguwar Marjanishbili ce. Na ce to a kawo ta nan a baje.

Alhaji na Kwari: Na faɗa kuma ban janye ba. Tsohon gari wurin zuwa ne a yi hoto a dawo, ba wurin kwana ba. Zuwana biyu garin nan. Na farko na bi hoto kamar kai, na kama ɗaki a wani gida mai barandar katako a ƙasan ganuwar Narikala, mai tasi ya sauke ni a bakin lungu ya ce mota ba ta shiga, ƙarfe huɗun asuba ina jan akwati a kan duwatsu ina hawa tudu kamar mai hawan Dala, tayar akwatin ma a nan ta rabu da ni. Na biyu na sauka kusa da tashar Marjanishbili, titin Agmashenebeli, shimfiɗaɗɗen wuri, gidajen abincin Turkawa da Larabawa a jere, ka fito ka ci halal ɗinka ka koma ka kwanta.

Maman Hanif: Alhaji da girmanka amma wannan hukuncin ya yi tsauri. Mu a tsohon gari muka sauka kuma ko gobe na koma can zan sauka. Masallacin Juma'a fa a can yake, a saman unguwar gidajen wanka, Abanotubani. Maigidana da ƙafa yake zuwa, minti kaɗan. A ce ka je garin da kusan ko'ina coci ne sannan ka zaɓi nesa da masallaci saboda shawarma?

Alhaji na Kwari: Maman Hanif ba shawarma ba ce, kwana shida mutum zai yi yana cin abinci sau uku. Kin san abin da ke cikin khinkalin da suke yabo, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki? Yawanci naman sa ne haɗe da na alade. Tsiren nasu ma, mtsvadi, alade ya fi yawa. Mutanen da giya ce abin alfaharinsu, mutum-mutumin matar nan da ke kan dutse ma kwanon giya ne a hannu ɗaya takobi a ɗayan.

Maman Hanif: To ai matar ba ta sauko ta ɗura wa kowa ba 😂 Khachapuri biredi ne da cuku, lobio wake ne a tukunyar ƙasa, akwai gautan turawa da gyaɗarsu, wallahi ban yi yunwa ba. Kuma a tsohon garin ma akwai wuraren halal, sai dai a ce sun fi tsada, wannan na yarda.

Ɗalibar Saburtalo: Shekarata biyar a garin nan, bari in sa baki. Baba Alhaji yana da gaskiya a kan tudu, Anti tana da gaskiya a kan masallaci, amma duk kun manta da mutum ɗaya a tambayar, Hajiya. Yaya Baban Amira, ya gwiwarta?

Baban Amira: Kin taɓo wurin. A kujera take sallah.

Ɗalibar Saburtalo: To masallacin da Anti take cewa minti kaɗan, minti kaɗan ɗin hawa ne, titin dutse ne mai gangara har ƙofar lambun itatuwa. Ga mai lafiya ba komai ba ne, ga Hajiya aiki ne. Kuma gidajen can da yawa tsofaffi ne, matakalar katako mai juyawa, ba lif.

Malam Ɗan Zinder: Ni abin da ya ja ni masallacin nan ba kusanci ba ne. 'Yan Sunna da 'yan Shi'a suna sallah a cikinsa tare. Da can 'yan Shi'a suna da nasu a bakin kogi, gwamnatin Sobiyet ta rushe shi a farkon shekarun 1950 lokacin aikin gadar Metekhi, sai suka dawo wannan na jan bulo. Na yi Juma'a a ciki, na ga mai saka hannu da mai sakin hannu da mai ɗora goshi a kan ɗan dutse, ba wanda ya kalli wani. Ko a ina ka sauka ka je ka gani da idonka.

Alhaji na Kwari: Yauwa Malam ka taimake ni, ko a ina ka sauka. Juma'a ɗaya ce a kwana shida. Daga Marjanishbili tasha biyu ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Dandalin 'Yanci da ke bakin tsohon gari, lari 1 na kuɗinsu, ko ka kira Bolt ya kai ka har sama. Don sallah ɗaya ba za a sa tsohuwa hawan dutse kullum ba.

Ɗan Fagge: Alhaji ka faɗi daɗin Agmashenebeli ka ɓoye sauran. Ɓangaren titin da aka hana mota shiga, daga magariba wurin ya zama kasuwar shisha, kiɗa ta ko'ina, yara masu kiran kwastoma suna tare ka da takardar abinci kowane taku biyar. Na kwana a saman irin wurin nan, har ƙarfe biyun dare gadon yana rawa, na sauko na yi wa mai otal magana ya miƙo min abin toshe kunne yana murmushi. To ina bambancinsa da titin Shardeni na tsohon garin da kake gudu?

Alhaji na Kwari: Kai ka kama ɗaki a kan titin. Wa ya aike ka? Layi ɗaya ko biyu za ka shiga ciki, tsit kake ji.

Ɗan Fagge: To haka ma tsohon gari! Ka ga ka rushe maganarka da kanka. Sololaki ma ai tsohon gari ne, ɓangarensa na kusa da Dandalin 'Yanci ba wani tudu, gidaje masu kyau, ga jirgi a kusa. Ba unguwa ce matsalar ba, layin ne da hawa na nawa.

Maman Hanif: Allah ya yi maka albarka Ɗan Fagge.

Ɗalibar Saburtalo: Jirgin da ake ta ambata ma a yi hattara. Tun 1966 aka buɗe shi, irin ginin Sobiyet ne, can ƙarƙashin ƙasa sosai, matakalar lantarkin tashar Rustabeli in ka tsaya a sama da ƙyar kake hango ƙarshenta kuma gudu take ba wasa ba. Mamata da ta zo sau ɗaya ta hau ta ce ita da shi har abada. Don haka ku sa kuɗin tasi a lissafi kawai. Sannan titin Rustabeli gaban majalisa nan ne ake taruwa in ana zanga-zanga, tun 2024 an sha rufe shi da yamma, ni ba zan sa baƙo mai tsohuwa a kansa ba.

Baban Amira: To ke me ya hana mu sauka a unguwar Saburtalo ɗin, tunda makarantar tana can?

Ɗalibar Saburtalo: Ba abin da ya hana, jami'ar likitancin gwamnati ma tashar jirgi gare ta da sunanta, haya ta fi sauƙi, manyan kantuna ko'ina, ɗalibai 'yan Indiya da namu sun cika wurin ba mai kallonka. Amma gaskiya ba abin gani, dogayen benaye ne na siminti, za ku zo tun daga Kano ku yi kwana shida kuna kallon abin da bai fi rukunin gidajen ma'aikata ba. Kuma in gidan haya za ku kama ku tambaya a kan lif, wasu tsofaffin benayen sai ka jefa tsabar tetri 10 yake tashi, ranar da ba ka da canji a hawa na tara kake, sai ƙafa. Bikin yini ɗaya ne, ku zo da tasi ku koma.

Malam Ɗan Zinder: Lif na kuɗi? Ikon Allah.

Ɗalibar Saburtalo: Wallahi Malam. Wani abu kuma, jiragen Istanbul da yawa cikin dare suke sauka, jirgin ƙasa kuma sha biyu yake rufewa sai shida na safe. Ku kama otal mai mutum a kanta dare da rana. Ƙawata ta taɓa kama wa iyayenta gida ta intanet, mai gidan da ya ga hotonsu sai ya ce wai an riga an kama, ana saura kwana biyu su taso. Ba kowa ne haka ba, mai gidana kamar uwa take a wurina, amma da tsohuwa ba a gwaji.

Maman Hanif: Kuma a duba esi. Yuli zafi ake yi na gaske, kar ku ji an ce Turai ku ɗauka sanyi ne, tsofaffin gidajen ba duka ke da shi ba. Magariba ma sai wajen takwas da rabi. Amma ni dai har yanzu ina nan a kan bakata, ka buɗe taga da safe ka ga Narikala da motocin igiya suna wucewa ta saman kogi, wannan ba a samunsa a Marjanishbili. Warin ruwan wankan nan kamar ruɓaɓɓen ƙwai ma kwana ɗaya ka saba, ai daga ruwan ɗumin garin ya samo sunansa.

Alhaji na Kwari: Kin ji ko, da bakinki, ruɓaɓɓen ƙwai. A biya kuɗi a shaƙi wari.

Baban Amira: 😂 To na ji. Zan nemi otal a bayan Agmashenebeli, layi na biyu, mai lif da esi, saboda Hajiya. Daren ƙarshe kuma in ƙanwata ta karɓe ta, ni da madam mu je mu kwana a tsohon garin mu ga abin da Maman Hanif take gani.

Alhaji na Kwari: Ka bar akwatin a wurin Hajiya dai.

Baban Amira: Na karanta mata duk abin da kuka rubuta, ta ce ita duk ba wannan ba, a tambayar mata ko akwai buta a banɗakinsu.

Ɗalibar Saburtalo: Babu. A gaishe ta, a ce ta taho da tata, in da hali guda biyu, tawa ta fashe tun hunturu.