Abin da 'yan'uwa suka faɗa a kan kasawar mutum da alherin Allah

Tattaunawar da 'yan'uwa Kirista suka yi a kan wannan batu ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro ta wuri ɗaya.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Mutum ba ya iya ceton kansa. Kusan kowa ya koma Afisawa 2:8-9: ceto kyauta ce ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba.
2. Kasawar ba ta ƙarewa ranar tuba. An kawo Romawa 7, inda Bulus yake kukan cewa nagartar da yake so ba ita yake aikatawa ba.
3. Shawara: addu'a kullum, furta zunubi ba kumbiya-kumbiya, kuma wanda ya faɗi kada kunya ta raba shi da zumunta.

Inda aka rabu:

4. Ina rabon mutum a ciki? Wasu sun ce har bangaskiyar ma Allah ne ke bayarwa, domin mai zunubi matacce ne, gawa kuwa ba ta miƙa hannu. Wasu suka ce Allah ne ke fara kira, amma mutum na iya amsawa ko ya ƙi. An tuna da gardamar malaman ikkilisiya na dā, Agustin da Felajiyus; shi Felajiyus ya koyar cewa mutum na iya bin Allah da ƙoƙarin kansa, taron shugabannin ikkilisiya a birnin Kartej kuwa ya yi watsi da koyarwarsa a shekara ta 418. A ganina, laƙaba wa ɓangare na biyu sunan Felajiyus bai dace ba, tunda babu wanda ya ce ƙoƙarin mutum ya isa.
5. Masu tsoron kada alheri ya zama hujjar lalaci sun riƙe Yaƙub 2:17, cewa bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Aka amsa musu da Filibiyawa 2:13, cewa Allah ne ke sa niyyar da aikin duka. Nan ba a daidaita ba.